Ƙwan Zabi a Tseren Uku

Ni ba ɗan wasa ba ne. Tun da na yi wayo ban taɓa gudu haka kawai ba, sai dai in sa ya tsinke igiya, ko hadari ya taso ina da shanya a waje. Boko ma aji uku na yi aka zare ni aka kai ni gona. Shi ya sa in na ce na taɓa shiga tseren nan na Turawa da ake haɗa iyo da keke da gudu, mutane sai su kama dariya. To su yi ta yi. A gaban jama'a aka yi abin, kuma da yawansu suna nan da ransu.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, an kuma kawo Shari'a, kowane bango ya sha fastar 'yan takara. Babura 'yan China suka cika gari. Duk wanda kaka ta yi wa kyau sai ya sayo babur, keke ya koma abin hawan tsofaffi da masu kai itace kasuwa. Ni kuwa ina nan da baƙin keken da na gada wurin mahaifinmu, mai kukan nan ƙiii-ƙiii, wanda ba irin man da ban zuba masa ba. Shekaruna a lokacin arba'in da bakwai ko da takwas, ba wanda ya rubuta.

Gidanmu yana ɓangaren Zurgu, a ƙasar Rano. Gonar da nake nomawa kuma tana can wajen Kahu, a ƙasar Kibiya. Ta gado ce da ba a raba ba. Wanmu Alhaji shi ke riƙe da gida tun rasuwar tsoho, shi ke cewa wane ya noma nan, wane ya noma can, kuma ni ya bar wa waccan gonar, shekara ashirin da wani abu ke nan. Na san inda ruwa ke kwanciya a cikinta, na san inda gara take, na san kusurwar da ba ta son komai sai gyaɗa. Tana da nisa, wannan kam gaskiya ne. Da damina nakan hau keke har bakin rafi, in jingine shi a rugar wani Bafulatani abokina. In rafin ya kawo sai in tuɓe riga in naɗe ta a ka, in yi iyo in haye. Sauran tafiyar kuma a ƙafa.

A daminar da ta gabaci wannan, wata rana na fita ban karya ba, ga zazzaɓi a jikina, jiri ya ɗebe ni na faɗi a tsakiyar dawa. A amalanke aka dawo da ni gida kamar buhun taki. Shi ke nan baki ya sami abin faɗa. Ina da wani taubashi, ɗan gwaggona, na ba shi shekara goma sha ɗaya, kuma shi ma ya sayi babur. Sai ya je wurin Alhaji ya ce a ba shi aron gonar, tunda ni ƙarfina ya ƙare. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai kira ni ya ce, "Bana ka ƙarasa abin da ka shuka. In an yi girbi sai mu zauna." Wanda ya san Alhaji ya san in ya ce za a zauna, to ya riga ya gama shawara.

Abin ya tsaya mini a rai. Ba don hatsin kaɗai ba. Namiji in aka karɓe masa gona aka ce ya huta, saura a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida a ajiye masa buta.

Ana nan, wata rana bayan la'asar muna zaune a majalisa gindin dalbejiya, sai ga ƙanen matata. Malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kowa Ticha yake ce masa, ya zo hutu. Yana riƙe da wata mujallar Turawa da ya samo a Kano. Rabin hotunan ya shafe su da baƙar tawada, ya ce na mata ne, kuma yanzu gari ba na wasa ba ne. Waɗanda suka rage maza ne ramammu, wasu a ruwa, wasu sun duƙa a kan keke kamar masu neman allura.

"Mijin Yaya, zo ka ga maza," in ji shi. "Wannan wasa Turawa tirayatlon suke ce masa. Tsere uku ne a cikin ɗaya. Mutum zai faɗa ruwa ya yi iyo kilomita ɗaya da rabi. Yana fitowa ya haye keke ya yi kilomita arba'in. Yana sauka ya zura da gudu kilomita goma. Wannan fa matsakaicin ke nan. Akwai babban, iyonsa ya kusa kilomita huɗu, kekensa kamar ka je Kano ka dawo ka sake kama hanya, sannan ka yi gudun kilomita arba'in da biyu."

Wani dattijo ya karɓi mujallar ya kai ta kusa da idonsa, ya ce, "Me suka sata?"

Da aka gama dariya Ticha ya ci gaba. Ya ce ba hutu a tsakani. Tun da aka busa usur agogo ke tafiya, ba ya tsayawa sai ka kai ƙarshe. Sa takalmi, canja riga, ɗauko keke, duk a cikin lissafi suke. Akwai wanda zai fi kowa iyo, ya zauna ɗaura igiyar takalmi mutum biyar su wuce shi. Kuma ba a yarda wani na waje ya sa maka hannu ba, ko tayarka ce ta yi faci kai za ka gyara abinka. Na tambaye shi me ya sa sai da ruwa ake farawa. Ya ce don wanda ya gaji a guje zama zai yi, wanda ya gaji a kan keke sauka zai yi, amma wanda ya gaji a tsakiyar ruwa sai dai a nemo masunta. Na ce a nan kam Bature ya yi hankali. Ya ce inda ba ruwa akan yi gudu, a hau keke, a sake gudu. Wasu kuma sukan haɗu su uku kowa ya ɗauki ɗaya. Amma na ainihin mutum ɗaya ne ke yi duka, kuma ba mai zafin nama ke ci ba, sai wanda ya iya raba ƙarfinsa gida uku kamar mace mai raba tuwo da yawan baki.

Na ce, "To ai wannan shi nake yi kullum in za ni gona. Shekara ashirin, ba wanda ya ɗauke ni hoto."

Taubashina yana zaune a kan babur ɗinsa yana kaɗa makulli. Ni da shi kowa bawansa yake kiran ɗan'uwansa, haka muka taso. Ya ce, "Haba bawana, ai ranar amalanke da akwai mai hoto kusa da ka fito a jarida."

Majalisa ta kwashe. Ni ma na yi yaƙe. Na ce, "Sauko daga kan wannan abin mai hayaƙi mu gwada. Ni da kai, yadda Ticha ya faɗa, daga nan har gonar."

"Da gaske?"

"Ka taɓa jin na yi maka wasa da gona?"

Kafin magariba magana ta kai kunnen Alhaji. Shi ba ya yin komai sai ya tambayi Liman, balle a shekarun nan. Liman ya ce tsere ba laifi ba ne, amma da sharaɗi. Kada a sa komai a tsakani, don ya zama caca. Kada a ga cinyar kowa a waje irin ta mutanen mujalla. Kada kuma abin ya taɓa lokacin salla. Alhaji ya kira mu ya ce, "Kun ji dai. Ni ban ce wanda ya riga isa shi ke da gona ba. Amma zan je in zauna a gindin ɗorawar nan in gani da idona." Ba wanda bai gane ba.

Ticha ya zauna da biro da takarda ya zana hanya. Hanyata ta kullum ba ta yi masa ba, don rafin a tsakiya yake, shi kuwa ya dage ruwa ne farko. Sai ya ce a yi iyon a babban kududdufin bayan gari, a haye a dawo sau biyu. Daga nan a hau keke a bi doguwar hanya mai gada, wadda ta zaga ta wajen Unguwar Gai. Inda yashi ya fara cin taya a ajiye kekuna, a ƙarasa da gudu har gindin ɗorawa. Ya ce bai kai na mujalla ba, amma su ma sababbin shiga da ƙarami suke farawa.

Na duba zanen na ce, "Ticha, hanyar nan fa ta ƙofar gidanku ta bi."

"To sai me? Baba ba ya fitowa sai rana ta yi sanyi. Mu kuwa da hantsi za mu wuce."

Shi a wurinsa ƙofar gida ce kawai. Ni a wurina ƙofar suruki ce. Shekara ashirin da uku ina zaune da 'yar tsohon nan, ban taɓa wuce ƙofarsa a kan keke ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Idonsa ya yi yana, amma kunnensa kamar na zomo. Na dai yarda da maganar Ticha, tunda ubansa ne.

Matata da ta ji labari ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da furfurarka za ka shiga kududdufi ana kallonka?" Na ce ai ba furfurar ce za ta yi iyon ba. Ranar Asabar ɗin da aka sa dai, da sassafe ta dama mini kunu mai kauri, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Bakin kududdufi ya cika kamar ana suna. Ni da taubashi muka tsaya, kowa da singileti da dogon wando, yadda Liman ya ce. Shi ya aro sabon keke mai sheƙi da farin takalmin kambas. Ni kuwa tsohon kekena, da takalmin roba na noma, riga da hula na ɗaure su a kariyar keke. Ticha ya karɓi babur ɗin taubashin zai riƙa bin mu, ya rataya usur a wuya, ga agogo a hannu. Ya ce a doka sai da hular kwano ake hawa keken. Ba mai ita. Wani ya ce Allah ya tsare, aka ce amin.

Ya busa, muka faɗa. Taubashi yana dukan ruwa kamar ruwan ya yi masa laifi. Ni irin iyona na ɗauko, na mai kaya a ka, kai a sama, hannu na share ruwa a hankali. Ya riga ni fita da nisa, jama'a na ta ihu. Amma da na fito sai na tarar da shi zaune a ƙasa yana kokawa da kambas, jiƙaƙƙiyar ƙafa ta ƙi shiga. Na zura nawa na roba, na ɗauko guntuwar robar taya na ɗaure bakin wandona na dama, don duk mai keke ya san abin da jiƙaƙƙen wando ke yi. Tare muka tashi. Ya taka da ƙarfi ya wuce ni, ba mu bar bayan gari ba sarƙa ta cafke masa wando. Na same shi ya karkace a gefen hanya yana ja yana tsaki.

Na ce, "Bawana, in aiko maka da amalanke?"

Wallahi daga nan na ji daɗin duniya. Hanya ta sha ruwa ta kwanta, dawa kore shar hagu da dama, iska na busar da singileti a jikina. Ban taka da ƙarfi ba, na tuna maganar rabon tuwo. Na haye gada, na waiwaya ban ga kowa ba. Har na fara shirya abin da zan faɗa a majalisa.

Ina shan kwana na hango tabarma.

Ashe labari ya kai wa tsohon cewa mijin 'yarsa zai wuce, shi ne ya sa aka yi masa shimfiɗa a gindin ceɗiyar ƙofar gida tun da safe. Yana zaune da sandarsa da carbi, ya karkato kunne wajen hanya. Mutane daga baya sun ce da na sunkuyar da kai na wuce, ai ba gani yake ba. Masu faɗar haka ba su san kukan kekena ba. Kuma ko da kurma ne, ni ban tsaya shawara ba, hannuna da kansa ya matse birki. Na sauka tun daga nesa. Na kwance riga na zura a kan jiƙaƙƙiyar singileti, na sa hula, don ba zan je gaban suruki kamar ɗan dambe ba. Na turo keke a hannu, na jingine, na cire takalmi, na tsuguna.

"Salamu alaikum. Baba, ina kwana?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Kai ne? Na ji kukan keken tun daga gada. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali?"

"Lafiya ƙalau."

"Ya ruwa?"

"Ya yi gyara."

"Madalla. Ya ƙafar Alhaji? An ce tana damunsa."

"Da sauƙi, Baba."

"Na ji kana haki. Jirin nan ne ya dawo?"

"A'a Baba, hanya ce."

"Hanya ba a yi mata gaggawa. Zauna sosai."

Ban zauna ba, ban kuma tashi ba, don ba a sallame ni ba. Ya shiga ba ni labarin zabinsa, yadda suka bar gida suka koma yin ƙwai a cikin gonar maƙwabci, da yadda aka yi aka gano gurbin. Ina cewa "ikon Allah", kunnena na kan hanya. Can sai na ji ƙarar feda. Taubashi ya taho a sukwane, ƙafar wando ɗaya a yage har gwiwa. Bai ko rage gudu ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Barka da hantsi, Baba!" Ni kuma ya yi mini gwalo.

Tsohon ya ce, "Wane ne wannan mai gaisuwa daga sama kamar shirwa?"

"Ɗan gwaggona ne, Baba."

"Allah ya shirya."

Sai ga Ticha a kan babur. Ya ga abin da ke faruwa ya dafe kai. Amma shi ma dole ya kashe inji, ya sauko, ya durƙusa ya gaida ubansa. Ya matso kusa da ni yana raɗa, "Mijin Yaya, agogo fa na tafiya!"

"Wane agogo?" in ji tsohon. "An kira salla ne?"

"A'a Baba, tseren nan ne da na gaya maka."

"To ai na sani. Shi ya sa na fito in sa masa albarka. Kai tashi ka shiga ciki ka ce a miƙo ƙwan nan."

Aka kawo ruwa a kwano. Maƙogwarona kamar an zuba toka, amma na juya baya na ɗan taɓa leɓe kawai na ajiye. Ticha ya fito da ƙwan zabi goma sha biyu a 'yar ƙwarya. Tsohon ya laluba ya karɓa, ya miƙo mini da hannu biyu. "Ka kai wa yarinyar nan. Tun tana ƙarama take son su. Ƙwaryar kuma a bar mini ita, ta awo ce." Yarinyar da yake nufi tana da jika biyu a lokacin.

Na cire hula na juye ƙwan a ciki. Ya yi mini addu'a mai tsawo, da ni da gona da zuriya, muka shafa. Sannan ya ce, "To, kada in tsare ka."

Na tura keke sai da na yi nisa da ƙofar, sannan na ce, "Ticha, riƙe mini ƙwan nan."

"Doka ta hana taimakon na waje."

"Ubanka ne fa ya jawo!"

"Ai da ya so ni zan kai, da ni ya ba. Hannunka ya damƙa wa."

Ban da lokacin zaginsa. Na tattare bakin hula na riƙe a hannun hagu, na hau, dama na kan kan keke. Duk ramin da na gani sai in ɗaga hular sama kamar mai tallar ta. Ƙwan zabi ɓawonsa da tauri, Allah ya taimake ni a nan, da na kaza ne da tuni an yi waina.

Inda yashi ya fara na tarar da sabon keke a yashe a ƙasa, tayar baya ba ta juyi, alamar mai shi ya daɗe da wucewa. Na jingine nawa a jikin wata marke, na rungume hula a ƙirji, na kama ɗan gudun da nake yi in hadari ya biyo ni, ba sauri ba tsayawa. Ticha ya taɓa gaya mana cewa nan ne wasan yake da mugunta. Wanda ya matsa wa keke, in ya sauka sai ƙafafunsa su zama kamar na aro, cinya ta yi nauyi, gwiwa ta ƙi bin umarni. Ni ban ji haka sosai ba. Ko don ban matsa ba, ko don tsugunon da na sha a gaban Baba, oho.

Bayan na wuce gona uku na hango shi. Yana tafe yana tangaɗi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, ya yi gudu kaɗan, ya riƙe ƙugu, ya waiwayo. Da ya gan ni ya sake zabura. Na ce a raina, da ƙwan nan ba ya hannuna. Amma yana hannuna. Na riƙa cin tazarar a hankali har ina jin numfashinsa kamar zugazugi. Ga ɗorawa ta bayyana, ga Alhaji zaune a kan buzu da mutum biyar ko shida da suka rako shi.

"Bawana, tsaya ka karɓi ƙwai ka ƙara ƙarfi!" na ce masa.

Ya tattara abin da ya rage masa ya yi gaba. Ya riga ni taɓa ɗorawa da kamar taki goma sha biyar. Ba zan yi ƙarya ba, ya riga ni. Ticha ya busa usur ya faɗi mintocin kowa, ban riƙe ko ɗaya ba. Taubashi kuwa yana taɓa itacen ya zube rigingine, kunun safe ya dawo, aka shiga yi masa fifita da mujallar Ticha.

Na gaida Alhaji na ajiye hula a gabansa. Ya leƙa ciki ya ce, "Wannan fa?"

Ticha ya ba shi labari tun daga tabarma har addu'a. Mutanen suna ta dariya, Alhaji bai yi ba. Ya sa yatsa ya juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ne ya tsage.

Ni dai na san na sha kaye, zuciyata ba daɗi. Na juya don kada a ga fuskata, sai idona ya faɗa kan kusurwar gabas. Kwana huɗu rabona da gonar saboda shirmen tseren nan, ashe ƙuduji, ciyawar nan mai shanye amfanin gona, ya fito a gindin dawa har ya fara fure. Manomi ya san ƙuduji, in ka bar shi ya zubar da iri ka gama da wurin shekara da shekaru. Ko a hannun wa gonar za ta koma, ba zan bar wannan ba. Fartanyata na rataye a reshen ɗorawa inda nake barinta. Na tuɓe riga na ɗauko ta na shiga. Ina tugewa ina tarawa gefe don a ƙone, ina bi da fartanya inda ciyawa ta yi yawa. Na manta da su ma.

Na kai ƙarshen kunya ta huɗu na juyo, sai na ga Alhaji tsaye da sandarsa a bakin gona yana kallona. Ya daɗe a haka. Sannan ya koma wurin taubashi, wanda aka samu ya zauna ya jingina da itace.

"Kai, tashi ka kama masa kunya ɗaya."

"Alhaji, wallahi ko tsayuwa ba zan iya ba."

"To. Ticha, a wasan naku in an iso shi ke nan?"

"Shi ke nan, Alhaji. Sai a ba mutum lambar yabo ya je ya huta."

"Mu a nan in an iso ne ake farawa." Ya juya wurin taubashi. "Ka ci tsere, Allah ya sa albarka. Akwai fadamar bayan gida, babur na zuwa har bakinta, ka je ka duba ta." Ni kuma ya ɗaga murya ya ce, "Kai kuma bana da baɗi ka riƙe. Amma in na sake jin ka fita ba ka karya ba, da kaina zan karɓe."

Na ce to. Ban ɗago ba, na ci gaba da tuge ƙuduji, don idona ya ɗan kawo ruwa kuma ba na son taubashi ya samu na majalisa.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu, kwana uku na yi ban iya tsugunawa ba. Salla a zaune na yi ta a ɗaki, matata na gasa mini cinya da ruwan zafi tana yi mini dariya. Ƙwan ta dafa shida ta ba ni huɗu, sauran ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Zabin da ke yawo a gidana yau duk jikokinsu ne.

Baɗin da Alhaji ya ce ta zo ta wuce, bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba. Taubashi har gobe in mun haɗu sai ya ce shi ne zakaran tseren uku na ƙasar Rano da Kibiya, in ce masa e, zakaran da aka yi wa fifita. Ticha ya so a maimaita wata shekarar, har ya zana sabuwar hanya da ba ta bi ta ƙofar kowa ba. Na ce masa ya nemi wasu. Ni gobe ma da sassafe zan yi nawa, in rafi ya kawo.